Daga Cibiyar Bincike Zuwa Lambu: Matsayin Renon Dashe a Inganta Itatuwan Marmari da Tsirran Ado a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci giɓin da ke tsakanin samar da ingantaccen iri a cibiyar bincike da isar da shi ga mai lambu, a fannin itatuwan marmari da tsirran ado. An ɗauki tsirrai huɗu da aka sani a ƙasar Hausa, wato mangwaro da dabino da magarya da kariya, aka kwatanta yadda kowanne yake hayayyafa. Nazarin ya nuna cewa a irin waɗannan tsirrai galibi ƙwallo ba ya riƙe halayen uwa yadda suke, don haka ingancin abin da manomi zai dasa ya rataya ne a wuyan mai renon dashe da kuma uwar bishiyar da aka yanko reshe daga jikinta.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci inganta iri a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, hatsi ne ke fara zuwa a zuciya. Akwai dalilin haka. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da jerin ire-iren masara da dawa da wake da gyaɗa masu suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Tashar IITA ta Kano da cibiyar INRAN ta Nijar su ma sun yi nasu ƙoƙarin a kan wake da gero. Hanyar da irin hatsi ke bi a bayyane take: a fitar da shi, a ninka shi a gonar iri, a zuba a buhu, manomi ya saya ya shuka.

Itacen marmari ba ya bin wannan hanya. Mutum zai sha mangwaro mai zaƙi ya binne ƙwallonsa a bayan ɗaki, ya yi ta ban ruwa shekara shida ko bakwai, daga ƙarshe bishiyar ta ba shi ɗa mai tsami da zare. Kuskuren da aka yi a hatsi ana gyara shi a damina mai zuwa, amma na itace sai an cinye shekaru kafin ma a gane an yi shi.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa a itatuwan marmari da tsirran ado, renon dashe wani sashe ne na aikin inganta iri kansa, kuma duk binciken da ya tsaya a zaɓen iri bai kula da yadda za a ninka shi ba, ya tsaya ne a rabin hanya.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan da Suka Gabata

Ilimin gadon halitta na zamani ya samo tushe daga gwaje-gwajen Gregor Mendel da aka buga a 1866, inda ya nuna cewa halayen iyaye suna rarrabuwa a cikin jikoki bisa ƙa'ida. A ɓangaren renon dashe kuwa, littafin Hartmann da Kester da ya fara fitowa a 1959 shi ne ya tattara dabarun ninka tsirrai ta ƙwallo da ta reshe da ta aure a wuri guda, kuma har yanzu da shi ake koyarwa a tsangayoyin aikin gona da dama. Game da tsirran ƙasar Hausa, J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a 1916, sannan ya yi bayanin amfaninsu a babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Aikinsa ya fi karkata ga suna da amfani, bai zurfafa a kan yadda ake ninka su ba.

A kan batun yadda za a wadata manoma da dashe mai inganci, masana sun kasu gida biyu. Kashi na farko suna ganin mafita tana ɗakin gwaji. Sun dogara da ra'ayin Gottlieb Haberlandt na 1902 cewa ƙwayar tsiro guda tana iya zama cikakken tsiro, da kuma haɗin abincin reno da Murashige da Skoog suka fitar a 1962, wanda ya sa aka iya renon dubban tsirrai a cikin kwalabe daga ɗan tsoka guda. Kashi na biyu, waɗanda Roger Leakey da abokan aikinsa na cibiyar ICRAF suke cikinsu, sun fi ba da ƙarfi ga dabarun da ƙauye zai iya riƙewa, irin su akwatin reno na katako da leda wanda ba ya buƙatar lantarki ko famfo, da kuma sa manoma su zaɓi bishiyoyin da suka fi so da kansu.

Wannan maƙala ta fi karkata ga ra'ayi na biyu, amma da sharaɗi. Muhawarar ta fi yawa a kan wace dabara za a bi, alhali babbar tambayar ita ce daga wace bishiya aka ɗauko abin da ake ninkawa, kuma wa zai tabbatar da hakan.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An dogara da rubuce-rubucen da cibiyoyin bincike suka wallafa, da abin da ilimin halittar tsirrai ya tabbatar, da kuma yadda sana'ar renon dashe take gudana a fili. An yi wa kowane tsiro tambaya uku: shin ƙwallonsa yana riƙe halayen uwa? Idan ba ya riƙewa, ta wace hanya ake ninka shi? A ina ne kuma igiyar ke tsinkewa tsakanin mai bincike da mai lambu?

An yi amfani da waɗannan kalmomi. “Aure” shi ne haɗa reshen wata bishiya da gindin wata har su zama guda. “Gindi” shi ne ɓangaren da ke da saiwa, “reshen aure” kuma shi ne wanda ake ɗorawa a kai. “Uwar bishiya” ita ce wadda aka tantance irinta ake yankar rassa daga jikinta. “Renon kwalba” shi ne ninka tsiro a ɗakin gwaji.

4.0 Nazari

4.1 Dalilin da ya sa ƙwallo ke saɓa wa uwa

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma da wannan tunani manomi yake ajiye ƙwallon bishiyar da ta burge shi. A gyaɗa da wake zancen ya kusa zama gaskiya, domin furensu yana barbarar kansa ne, zuriya bayan zuriya, har ƙwayoyin gadonsu suka daidaita. Yawancin itatuwan marmari kuwa ƙwari ko iska ke kawo musu garin fure daga wata bishiya. Kowane ƙwallo sabon haɗi ne na uwa da uban da ba a sani ba, kuma ita kanta uwar gauraye ce.

Ninkawa ta reshe tana tsallake wannan duka, tunda babu barbara a cikinta, sabon tsiron kwafin uwarsa ne. Manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Da kara yake dasa rake, da sanda yake dasa rogo, da yaɗo yake dasa dankali. Shingen aguwa da dashi da bini-da-zugu duk daga reshe ake kafa su, haka nan ceɗiyar ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne a ɗora wannan sani a kan bishiyoyin da ba sa yin saiwa cikin sauƙi.

4.2 Mangwaro

Mangwaro iri biyu ne ta fuskar ƙwallo. Akwai mai tsiro ɗaya a ƙwallo, wanda yawancin ire-iren Indiya da na Filorida irin su Haden da Kent da Keitt suke ciki, kuma ɗansa ba ya kama da uwa. Akwai kuma mai tsiro da yawa a ƙwallo guda, inda mafi yawan tsiran suke fitowa daga tsokar uwa ba tare da barbara ba. Ƙaramin mangwaron gida mai zare yana cikin wannan rukuni, shi ya sa ya bazu a garuruwa kamanninsa ba su sauya sosai ba, shi ya sa kuma ya dace da zama gindi.

Auren mangwaro ya riga ya zama sana'a. Mai reno yana samun gindi mai kaurin fensir, ya gille kansa, ya tsaga shi kaɗan a tsakiya. Sai ya fere reshen aure ta gefe biyu, ya cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, ya naɗe da zirin leda, ya rufa masa wata ledar don kada ya bushe. Cikin mako biyu zuwa uku ido zai fashe idan auren ya kama. Irin wannan dashe yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu. Matsalar mangwaro ba ta gwanintar hannu ba ce. Mai saye yana ganin tabon aure, amma ba shi da hanyar sanin wane reshe aka ɗora sai bishiya ta haihu.

4.3 Dabino

A dabino ne asarar shuka ƙwallo ta fi muni. Bishiyar tana da namiji da mace daban, kuma kusan rabin abin da ya tsiro daga ƙwallo maza ne. Ba a bambanta su da ido sai sun yi fure, bayan shekaru ana ba su ruwa da taki. A gonar da ake barbara da hannu, inda mai gona ke hawa ya yanko zangarniyar namiji ya soka 'yan silla a cikin furen mace ya ɗaure, namiji ɗaya yana isar mata kusan 50. Wanda ya shuka ƙwallo 100 ke nan ya yi renon maza kusan 50 alhali ɗaya ko biyu yake buƙata, sannan matan da suka rage kowace da irin 'ya'yanta.

Dabino ba ya karɓar aure irin na mangwaro, domin ba shi da zirin tsoka mai girma da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda shi ne ke haɗe gindi da reshe. (Masu bincike a Jami'ar Kambirij sun nuna a mujallar Nature a 2022 cewa ana iya aurar da tsirrai marasa wannan zirin tun suna jarirai a cikin ƙwallo, har da dabino, sai dai wannan aikin ɗakin gwaji ne.) Hanyar gargajiya ita ce cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa. Littafin noman dabino da hukumar FAO ta wallafa a 2002 ya ba da shawarar a cire ɗan gindi idan nauyinsa ya kai kilo 10 zuwa 25. Ana tone ƙasa a gefensa, a sa ƙarfe mai faɗin baki a yanke mahaɗarsa da uwa a tsanake, a rage ganyensa, a ɗaure sauran, a dasa. Uwa guda ba ta wuce ba da 'ya'ya 20 zuwa 30 a rayuwarta, su ma a shekarunta na farko. Wannan ƙarancin shi ne ke sa dashen dabino tsada.

Tarihin irin Majhul ya nuna ƙarfin wannan hanya duk da jinkirinta. A 1927, lokacin da cutar bayud ke kashe gonakin dabino a Maroko, Walter Swingle ya ɗauki 'ya'yan gindi 11 daga Budnib ya kai Amurka. Aka killace su a Nebada, 9 suka rayu, kuma daga cikinsu ne noman Majhul na Amurka ya tashi. Abin lura shi ne an san uwar da aka ciro su, an killace su don kada su kai cuta, an kuma riƙe sunansu.

Renon kwalba yana iya samar da dubban dashe, kuma ƙasashen Larabawa sun dogara da shi ƙwarai. Amma yana da nasa haɗari: an sami gonakin irin Barhi da aka reno a kwalba waɗanda suka riƙa yin 'ya'ya marasa ƙwallo da ba sa nuna yadda ya kamata, saboda sauyin da kan auku yayin reno. Akwai kuma batun yanayi. Irin da ya yi fice a hamada yana son 'ya'yansa su nuna cikin zafi da bushewa, a Jigawa da Damagaram kuwa ruwan damina kan riski wani kaso na 'ya'yan a kan bishiya ya lalata su. Saboda haka shigo da iri mai suna daga waje bai isa ba. Tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse tana zaune a inda ya dace a yi aikin da ya fi muhimmanci, wato a bi gonakin da aka shuka daga ƙwallo, waɗanda kowace bishiya a cikinsu iri ce mai zaman kanta, a zaɓo matan da ke nuna kafin ruwa ya sauka, a ninka su.

4.4 Magarya

Magarya, wato Ziziphus mauritiana, ita ce misalin da ya fi ƙarfafa gwiwa. A dajin ƙasar Hausa 'ya'yanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka yawa. A Indiya kuwa an daɗe ana zaɓen wannan bishiya har aka sami ire-ire irin su Gola da Umran da Seb da Kaithli, masu 'ya'yan da suka ninka na daji girma sau da yawa, masu ruwa da garɗi. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, musamman a shekarun da Dov Pasternak ya yi aiki a can daga farkon shekarun 2000, ta yaɗa auren waɗannan ire-ire a kan gindin magaryar gida, aka sa wa abin da ya fito suna tuffar Sahel.

Hikimar aikin tana ga gindin. Magaryar gida ta riga ta saba da fari da ƙasa mara ƙarfi, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai. Ba sai an jira dashe daga gandun reno ba: manomi yana iya sare magaryar da ke gonarsa, ya bari ta tofo, ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ya aura musu reshe. Tunda saiwar tsohuwa ce, bishiyar kan yi 'ya'ya cikin ɗan lokaci. Wannan ya dace ƙwarai da sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona a riƙa gyara shi, wanda ya bunƙasa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, aka kuma ƙiyasta ya farfaɗo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Kudancin Nijar. Gindin da ake nema yana nan tsaye a gonaki.

Abu uku ne ke kawo cikas. Na farko, gindin magarya yana yawan fitar da tofo ƙasa da mahaɗar aure, kuma idan ba a riƙa cire su ba sai su rinjayi reshen da aka ɗora, bishiya ta koma ta daji mai gona bai ankara ba. Na biyu, manyan 'ya'ya masu ruwa suna jawo ƙudan 'ya'yan itace da tsuntsaye fiye da na daji. Na uku, ba sa jimirin ajiya kamar busasshiyar magaryar da ake aunawa a kasuwa, don haka nisan gona da kasuwa yana cikin lissafi. Duk waɗannan ana magance su ne ta horo da bibiya, kuma a nan ne shirye-shirye masu gajeren wa'adi suke gazawa, domin sukan ƙirga yawan auren da aka yi a shekarar farko su tafi.

4.5 Kariya da tsirran ado

Ana yi wa noman furanni kallon abin marmarin masu hali, amma duk wanda ya bi gefen manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja ko Yamai zai ga layin tukwane da ledojin dashe, da matasan da ke cin abinci da su. Cibiyar NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975 take kuma da tasha a Bagauda, tsirran ado suna cikin ayyukan da aka ɗora mata tare da 'ya'yan itace da kayan lambu.

Kariya, wato Adenium obesum, tsiro ne na Sahel da Gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa. A gida an san ta da jan fure a tsakiyar rani da kuma ruwanta mai dafi. Masu noman furanni a Tailan da Taiwan sun ɗauke ta suka yi ta barbara da zaɓe, suka fitar da ire-ire masu launi daban-daban da masu fure ninki biyu ko uku, suna sayar wa duniya. Yadda suke ninka ta ya haɗa hanyoyin biyu. Kumburarren gindin da masu saye ke so ya fi fitowa da kyau a tsiron ƙwallo, launin fure kuma ba ya tabbata sai ta reshe. Don haka sukan shuka ƙwallo su sami gindi, su yanke kansa a shafe, su ɗora guntun reshen irin da ake so, su lulluɓe da leda har ya kama.

Babu abin da ke cikin wannan aiki da ya fi ƙarfin mai reno a Katsina ko Tawa. Tsiro ne da ke jure rashin ruwa, a garuruwan da ruwa ke tsada, kuma danginsa na daji suna nan kusa. Tattara su da adana su aiki ne da ya kamata jami'o'in yankin su ɗauka, musamman tunda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba amfanin albarkatun halitta da ƙasashen da aka samo su.

5.0 Inda Ya Kamata Bincike Ya Dosa

Abu na farko shi ne gonakin uwayen bishiyoyi. Kowace jiha da ke noman marmari tana buƙatar fili, ko da ƙarami ne, inda kowace bishiya ke da lamba da suna da tarihin inda aka samo ta, masu reno su riƙa sayen rassa daga nan. Idan babu wannan, horar da mutum dubu a kan aure zai ƙara yawan dashen da ba a san asalinsa ba ne kawai.

Na biyu shi ne binciken gindi. An fi mayar da hankali ga abin da ke sama saboda shi ake ci, alhali gindi ne ke fuskantar fari da kanwa da cututtukan ƙasa, shi ne kuma ke da tasiri a kan tsawon bishiya. Ya dace a gwada tuffar Sahel a kan kurna, wadda 'yar dangin magarya ce, a wurare mabambanta, a kuma tantance ire-iren mangwaron gida a ga wanne ya fi jure ƙarancin ruwa. Gwajin gindi yana cin shekara goma ko fiye, ya wuce wa'adin digiri ko na tallafi, don haka sai cibiya ta ɗauke shi a matsayin aikinta na dindindin.

Na uku ya shafi doka da cuta. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri a 2021, Nijar kuma tana cikin ƙungiyar OAPI da ke da irin wannan tanadi. Amma tsarin tantance iri an gina shi ne a kan ƙwayar da ake aunawa a buhu, kuma dashen da ke cikin leda yana buƙatar nasa ma'auni. Reshe da ɗan gindi suna ɗaukar cutar uwa su kai inda aka dasa su; jan ƙwaron dabino ya bazu a ƙasashe da dama ta hanyar safarar dashe. Mafi ƙarancin abin da za a fara da shi shi ne rajistar masu reno a matakin ƙaramar hukuma, da tambarin da za a ɗaura wa kowane dashe mai ɗauke da sunan iri, da sunan gindi, da watan da aka yi auren, da lambar uwar bishiyar da aka yanko reshen.